Apa Shagufta, Ban Cire Tukunyar Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Apa Shagufta Parveen (Apa, wato yaya), matar Bhai Munawwar tela (Bhai, wato ɗan'uwa), a wani asibiti nan birnin Multan, bayan wata biyu tana fama da ciwon ƙoda. Shekarunta hamsin da takwas. Yau kwana tara da binne ta, kuma sai yau hannuna ya iya riƙe alƙalami.

Apa, shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin saman gidanku da namu, katangar da ba ta wuce ƙuguna ba. Ta kanta kika miƙo mini shayi ranar da na tare ban san kowa ba. Ta kanta kika tsallako, duk da ciwon gwiwarki, ranar da mijina ya rasu. Da kika ga wata uku sun wuce ban leƙo sama ba, sai kika ɗora keji a kan katangar, da ƙananan akun nan na Ostareliya guda biyu a ciki, kika ƙwala mini kira: "Tahmina, waɗannan ba su san takaba ba. In ba ki tashi kin ba su gero ba, mutuwa za su yi." Na tashi. Tun daga ranar ban sake kwanciya irin waccan kwanciyar ba.

Duk unguwa ta san ki da tsuntsayen nan. Ina tuna wata safiya cikin sanyi da wani mai sayar da su ya hau benenki da tsuntsuwa ɗaya a kwalin takalmi, ƙwai ya maƙale mata, tana numfashi da ƙyar. Kika kusanta ta da tururin ruwan zafi, kika ɗiga mata man zaitun, kika zauna da ita a tafin hannunki har ƙwan ya fito. Sannan kika juya gare shi.

"Sau nawa ta yi ƙwai bana?"

"Huɗu kacal, Apa."

"Kacal? Allah Ya shirye ka. Je ka, sai bayan wata guda ka dawo, in ma na ga dama na ba ka ita."

Dokarki ke nan da ba ki taɓa sassautawa ba: ƙyanƙyasa biyu a shekara, daga nan a cire tukunyar ƙasar da suke kwanci a ciki, uwa ta huta.

Cikin tsuntsayenki babu kamar Nili, shuɗiyar nan da uwarta ta ƙi ta, kika raine ta da ɗan cokali. Ranar da za a kai ki asibiti kika miƙo mini kejinta da kanki. Kika ce ta riga ta yi biyunta, in cire tukunyar, in raba ta da namijinta. Na yi yadda kika ce. Kwana uku tana kuka, tana bin wayar kejin tana neman shi, ta ƙi taɓa abinci. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na mayar mata da shi, na mayar da tukunyar, na ce a raina sau ɗaya ba zai yi komai ba.

Ƙwai shida ta yi, biyar suka ƙyanƙyashe. Ta yi ta ɗura musu abin da ke cikinta har ƙashin ƙirjinta ya fito, yatsa na jin kaifinsa. Ba su gama fita daga tukunyar ba ta fara shirin wani ƙwan.

Saura kwana biyu ki rasu na zo duba ki. Bakinki ya bushe, muryarki ta dusashe, amma kika kama gefen rigata kika ce, "Kin cire tukunyar?"

Na ce, "Na cire, Apa."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na faɗa miki a duniya, kuma ƙarya ce.

Washegarin jana'izarki Nili ta yi ƙwai mai taushi, ba ɓawo, ta faɗo ƙasan keji. Tun daga nan ƙafafunta ba sa riƙe sanda. Na fasa tukunyar. Na kai namijin ɗakin ƙasa inda ba za ta ji muryarsa ba. Ina dafa ƙwai in daka shi da ɓawonsa, ina kankare mata farin ƙashin kifin teku a kan jiƙaƙƙen gero, ina rufe kejin da wuri don ta ɗauka rana ta gajarta. In wuta ta ɗauke cikin zafin nan sai in jiƙa buhu in rataya, in zauna ina yi mata fifita. Likitan dabbobi ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce mai yiwuwa ta miƙe, mai yiwuwa ba za ta miƙe ba. Duk abin da kika koya mini na yi shi, Apa, ya ƙare, ban san na gaba ba. Sau nawa a rana nake juyawa wajen gidanku in buɗe baki in tambaye ki?

Shekaranjiya na kasa jurewa, na sami Bhai Munawwar zaune gaban kekensa ba ya ɗinka komai. Na faɗa masa duka. Ya ce, "Ai ta sani, ƙanwata. Kina fita ta ce mini, 'Tahmina ba ta iya ƙarya ba, muryarta siririya take zama. Kada ka yi mata faɗa, tausayi ne ya yi mata yawa.'"

Ashe kin yafe mini tun ban roƙa ba. Da kin zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Yau da safe Nili ta tsinci ƙwayar gero goma sha ɗaya daga tafin hannuna. Na ƙirga su. Ban sani ba ko farkon sauƙi ne ko bankwana.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Shagufta. Ka tausaya mata fiye da yadda ta tausaya wa ƙananan halittunKa da ba su da bakin godiya. Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya mata makwanci, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bhai Munawwar, da 'yarta Uzma, da ɗanta Tanveer da ya iso daga Karachi bayan an rufe ta, da jikokinta uku. Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Idan kuna yi mata addu'a, ku sa har da amanar da ta bar mini, Allah Ya tashi kafaɗunta, kada in tsaya gaban Apa ranar hisabi da hannu wofi.