Ɗorawar Surukata

Ni masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar mata, babu wanda bai bi ta hannuna ba, kuma in na ƙwanƙwasa itace nakan gaya maka abin da ke cikinsa tun ba a sa masa gatari ba. Ba yabon kai nake ba, duk garinmu Karare an san haka. Na faɗa ne don a san kuskuren da zan ba da labarinsa ba na rashin sani ba ne.

Abin ya faru tun ba a ji ɗuriyar Nasara a ƙasar Katsina ba. Mun yi shuka da ruwan fari, gero ya fara leƙowa. Ran nan bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, sai iska ta riga ruwan isowa. Na tsufa yanzu, amma ban sake ganin irinta ba. Ta ɗauke jinkar ɗakin maƙwabcina ta kai gonar wani ta ajiye, dangogi suka kwanta, rumbuna suka kife da hatsinsu. Tsohuwar kukar da ke bakin hanyar Batsari, wadda kakanninmu ma tarar da ita suka yi, ta tumɓuke ta gitta hanya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai wata akuya da bango ya danne, ita ma an samu an yanka.

Washegari mai gari ya kira gayya. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne kafin gari, wato shingen gungume da ƙaya da ya kewaye mu, don iska ta karya shi ta wajen arewa. A zamanin nan garin da shingensa ya ɓalle ba ya barci da ido biyu, saboda mahara kan zo a kan dawakai ba sallama. Saboda haka da shi muka fara, sannan hanya, sannan ɗakuna.

Kukar nan ta ba mu wuya. Wanda bai san kuka ba yana ganin girmanta zai ce an samu itacen shekara, alhali cikinta tuɓus yake, ko wuta ba ya ci. Samari suka yi ta zuba mata gatari, gatarin na nutsewa yana maƙalewa. Na bar su suka gaji tukuna, don na gaya musu tun da fari suka ce tsoro nake ji. Daga ƙarshe muka sassare rassan, muka ɓare ɓawon don igiya, mata suka tsige ganyen tas, gangar jikin kuwa muka bar ta inda ta kwanta muka karkata hanya ta bayanta. Har yau in za ka Batsari akwai wata kwana da ba ta da dalili, to dalilinta ke nan. Jinkar maƙwabcina mu goma sha muka ɗauko ta daga gona, shi yana gaba yana ba da umarni hannunsa a baya, har wani ya tuna masa cewa da aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba a ce mai ɗaki ya ɓoye nasa ba.

A rana ta uku abu ɗaya ya rage, ɗorawar da ke gefen rijiyar gari. Iska ta tsaga ta a daidai inda ta rabu biyu, babban reshe ɗaya ya karkato a kan bakin rijiya, ɓawo da 'yan jijiyoyi kawai ke riƙe da shi. Ko iska kaɗan ta kaɗa sai ka ji yana ƙara. Mata suka daina zuwa ɗiban ruwa, suka koma tafki, yara suka fara ciwon ciki.

Ɗorawar ta surukata ce, uwar matata. A wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Gonar ta daɗe da fita hannunsu, amma ɗorawar gadonta ce daga uwarta, kuma ita ce duk abin da ta mallaka a duniya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza ba wanda ya rayu, sai matata kaɗai. Duk bazara takan sa a kaɗo mata 'ya'yan, ta sayar da garin, ta sayar da makuba, wato ɓawon, ga masu daɓe, kalwar kuma ta dafa ta yi daddawa. Daddawarta har daga Safana ake aiko saye. Da ita take ci, da ita take sutura, da ita take yi wa jikokinta goron salla. Sau nawa na aika mata da tuwo ta maido, da godiya da addu'a, amma ta maido. Cewa take yi muddin tana da ɗorawarta ba za a ce suruki ke ciyar da ita ba. Abin na ba ni haushi, amma a raina ina ganin girmanta.

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, ba mu taɓa yin magana ta wuce gaisuwa ba. Ita ma gaisuwar daga bayan danga nake yi, a durƙushe, ta amsa daga cikin ɗaki. In na hango ta a hanya sai in ratse cikin gona, in ita ta riga hango ni ta juya kamar ta yi mantuwa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kiran na matata tunda 'yar fari ce, sai dai ta ce yarinyar nan. Ba gaba ba ce. Kunya ce, haka muka tashi muka gani, kuma har ga Allah alfahari muke yi da ita.

Mai gari ya zo da dattawa duba itacen, aka kira ni tunda sana'ata ce. Shi ra'ayinsa a kayar da ita gaba ɗaya, a huta da fargaba, a kuma samu gungume na toshe sauran shingen. Na zagaya ta, na buga mata bayan gatari daga gindi har iya inda hannuna ya kai. Amon da ta ba ni na lafiyayyen itace ne, ba rami, ba gara. Na san tsagar ba ta yi nisa ba. Mutum ɗaya zai hau, ya ɗaure reshen da igiya, ya sare shi a sauke a hankali, a shafe ciwon da laka da kashin shanu, shekara biyu ta manta an yi. Hawan da haɗari, don reshen na iya ɓallewa da mutum, amma na hau waɗanda suka fi shi.

Mai gari ya tambaye ni me na gani. Na ce abin da manya suka gani shi na gani.

Ga dalilina, in dalili ne. Itacen na surukata ne. In na buɗe baki a gaban dattawa na ce a bar shi, za a ce ya fifita gidan surukai a kan rayukan mutane, kuma na yi magana a kan dukiyarta ita ba ta ce komai ba, wannan zaƙewa ce. Na kuma yi wani lissafi a zuci. A al'adarmu ba a sa wa ɗorawa gatari sai mai ita ya yarda, kuma na san tsohuwar nan, ba abin da take yarda da shi a karon farko. Za ta ƙi, a juyo kaina a ce masassaƙi ko akwai dabara, ni kuma in ce to bari a gwada, kamar dole aka yi mini. Kowa ya fita kunyar kowa.

Aka aiki ƙanen mai gari wurinta, matata ta raka shi. Ba su daɗe ba suka dawo. Ya ce ta ce a sare.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da ita na yi fushi, ba da kaina ba. Na ce wato girman kan tsohuwar nan ya kai ta gwammace ta rasa abincinta da ta nemi alfarma a wurina. Da muka koma gida matata ta ajiye mini ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba, ta ce, “Malam, kai ba ka da ta cewa?” Na ce mai abu ta yi magana, ni wane ne. Ta daɗe tana kallona, kamar akwai abin da take son faɗa, na ɗaure fuska don kada ta faɗa. Ta ɗauki tulunta ta fita. Da na bar ta ta yi magana a ranar, da labarin nan bai kai a ba da shi ba.

Da hantsi aka taru. Na sa aka rufe bakin rijiya da itatuwa da zana, aka ɗaura igiyoyin kuka uku a sama, maza suka riƙe ta wajen gona don ta faɗi nesa da ruwa. Ni na zana inda za a sara, ni na fara. Mu huɗu muke karɓa-karɓa, makaɗi na buga ganga, mata sun kawo kunu. Tun saran farko ɓarɓashin da ke fitowa ɗanye ne shar, mai nauyi, da ƙanshinsa. Kowane ɗaya ya faɗo gabana sai in ji kamar a ce tsaya, amma an riga an yi nisa, kuma mutumin da ya yi shiru jiya da wane baki zai yi magana yau. Sai na ƙara wa gatarin ƙarfi don a gama da wuri.

Kafin azahar ɗorawar ta yi ƙara, ta yi jim, ta tafi inda na nufe ta ba kuskure ko taki ɗaya. Aka yi kabbara, aka yi ta yaba mini. Na je wurin tsagar na sa hannu na auna. Ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Daga nan har gindi jikinta garau yake, irin wanda zai kai jikokin jikokin surukata.

Aka yanyanka, aka kwashe gungumen zuwa shinge, mata suka share ganye da ƙirare, aka buɗe rijiya. Kafin la'asar wurin ya zama fili, rana na dukan inda ba ta taɓa duka ba. Kowa ya watse, na tsaya ina naɗe igiyoyi. Sai na ji sallama a bayana, na kuwa san muryar.

Da wata rana ce da na ratse. Ranar ba inda zan ratse, ita ma ba ta juya ba. Na durƙusa na sunkuyar da kai na gaishe ta. Ta amsa, ta wuce ni ta je wurin kututturen. Ta daɗe tana shafa shi da tafin hannu, ta kankare wani wuri da farce ta sansana. Matar da ta shekara hamsin a ƙarƙashin itace ba sai masassaƙi ya gaya mata komai ba.

Ba ta dube ni ba ta ce, “Da an bar ta, da ta yi rai ko?”

Na so in yi mata ƙarya, in ce akwai ruɓa a sama. Na kasa. Na ce, “Da ta yi rai, Inna.”

“Tun jiya ka sani?”

“Tun jiya.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma ta sani. Ta ce da aka zo mata, abu ɗaya ta tambaya, in reshen kaɗai za a cire wa zai hau. Aka ce mata ai duk garin nan mutum ɗaya ne. “To in ce a hau, ka hwaɗo, in bar ɗiyata da marayu saboda kalwa? Da kai ka ce kana iyawa, da ban hana ka ba. Amma ba ni aika ka.”

Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Ni da na kwana ina zarginta a zuci da girman kai, ashe raina take tattali, ni kuma ina tattalin abin da dattawa za su ce. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba abin yafewa, iska ta Allah ce, kunya kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wannan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Wata mata ta zo da guga, ta gan mu tare a wuri ɗaya, ta yi turus ta koma. Surukata ta gyara lulluɓinta, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki sandarta. Na ga tana son faɗin wani abu, bakinta na motsi, maganar ta ƙi fita. Sai da ta juya mini baya sosai, ta fuskanci hanyar gida, sannan ta iya.

“Kalwar bana tana kai ni kaka,” ta ce. “In ta ƙare, ka hwaɗa ma yarinyag ga ta riƙa ƙara hannu guda a tukunya.”