Neman Hannun Kakana a Katagum

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata, a wata tsohuwar fijo wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai direba ya zagayo ya doke ta da ƙugu. Kyamarata na cikin jakarta, na rungume ta a ƙirji, don mutumin da ke kusa da ni ya shigo da zakaru biyu kuma ban yarda da take-takensu ba. Masu ganin hotunan da nake ɗauka sun san ni da yawon tsofaffin soraye da ƙofofin gari. To wannan karon ba sha'awa kaɗai ta fito da ni ba, aike ne.

Baba ne ya aike ni. Mahaifinsa, wato kakana, magini ne a tsohon garin Katagum. Ya rasu tun Baba bai yi aure ba, kuma babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Abin da ya rage na hannunsa shi ne wani gida da ya gina wa wani falke, ya yi wa fuskar zauren zane irin na da, wanda ake fitarwa da yatsu tun ƙasa tana ɗanya. Baba ya bar garin yana saurayi. Yanzu ƙafa ta hana shi ko zuwa masallacin Juma'a, ido ma ya fara ja baya. Ya ce mini, "Kana ta ɗaukar ginin mutanen da ba ka sani ba. Je ka ɗauko mini aikin ubana in gani tun ina iya gani." Ya kuma ce ba a faɗa wa gidan mutane haka kwatsam, don haka tun kafin mu taso ya aika wa magajin gidan saƙo ta bakin wani mai sayen wake da ke cin kasuwannin can, cewa ɗansa mai hoto yana tafe. Ƙanwata kuwa cewa ta yi ita ma jikar magini ce, ba wanda ya isa ya bar ta a gida.

Lokacin kaka ne, hanya ta yi kyau da kallo. Daga Wudil har muka wuce duwatsun Dutse, ko'ina damman gero ne a jingine, mata suna roron wake a gonaki. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na daure. Fim ɗaya ne a kyamara, ɗaya a aljihu, kuma tun da kyamarorin nan masu nuna hoto a baya suka fara shigowa, fim ya yi wuya ya kuma yi tsada. A gadar Jama'are dai na kasa. Kogi ya cika ya batse, wani masunci a tsaye cikin kwalekwale yana shirin jefa birgi, na roƙi direba ya ɗan taka birki. Ya taka, amma sai da ya gaya wa dukan motar cewa yau ya ɗauko ɗan jarida. Masu soyayyen kifi suka yanyame mu, ƙanwata ta saya, muka ci har Azare muna tsintar ƙaya.

Da hantsi muka sauka a tashar Azare. Na je wurin wani ɗan kamasho na ce ina motar Katagum. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, ai kana Katagum." Na ce a'a, Katagum nake nufi. Ya ce, "To nan ɗin fa?" Muka yi ta haka kamar masu gardamar wata, har wani dattijo mai goro ya tausaya mini. Ashe sarautar Katagum ta baro tsohon garin tun da daɗewa ta dawo Azare da sunanta, har ƙaramar hukumar da Azare ke ciki ma Katagum ake ce mata. Shi kuwa garin da ya haifi sunan yana can arewa, kuma in kana son a gane ka a tasha, motar Zaki za ka nema, sunan ƙaramar hukumarsa ke nan. Ƙanwata ta yi ta dariya, wai mai yawon tarihi ya ɓata a tasha.

Motar ba ta cika ba, sai muka ɗan zaga gari. Mun ci masa da miyar taushe a wurin wata dattijuwa, mai laushi, kuma da arha fiye da ta unguwarmu, abin da ya ɗan ba ni haushi a madadin Kano. Na kira gida a wurin masu lemar waya na ce mun iso lafiya. Azare gari ne na bulo da kwano da 'yan acaɓa, amma in ka kutsa unguwannin da ke kewayen fada za ka ga sauran katangun ƙasa masu kauri, da zankwaye a kusurwar soraye, da indararo na icen giginya. Wani zaure da na leƙa, rufinsa ɗaurin guga ne, azara a jere kamar haƙoran mataji, sanyi a ciki kamar an yayyafa ruwa. Na tambayi masu zama a wurin ko sunan garin daga azarar ya fito. Mutum uku suka ba ni amsa uku, kowa yana rantsuwa da tasa, na bar su suna yi. A bakin kasuwa na ga shagon wanke hoto na wani mutumin kudu, wanda ya ce ya fi yawancin 'yan acaɓan garin daɗewa a Azare. Hausarsa irin ta Guddiri ce tsantsa, wato ta mutanen yankin, har da karin. Ya ce in na dawo in kawo fim ɗin, zai wanke mini in masu wutar lantarki sun ga dama.

Hanyar Zaki ta bi da mu ta Gadau. Motar ƙaramar bas ce, rabinta Fulani ne masu komawa ruga, hira tana tafiya da Hausa sai ta juye Fillanci ba sanarwa, ta kuma dawowa. Wani mai fataucin shanu daga Udubo ya karɓi kyamarata ya juya ta, ya leƙa ta gaba maimakon ta baya, ya tambaye ni ko tana iya sa ramammen sa ya yi ƙiba a hoto. Na ce ba ta ƙarya. Ya ce to ba ta da amfani a kasuwa. Ƙasar can shimfiɗaɗɗiya ce, ga fadamu, ga giginya da goruba, ga shamuwa tana shirin tafiya. Da muka kusa gari wani fasinja ya nuna mini wani dogon tudu da ciyawa ta rufe, ya ce sauran ganuwa ke nan. Da bai faɗa ba, da na ɗauka kunyar wata babbar gona ce. Awaki ne a kai suna kiwo.

Gidan bai yi wuyar samu ba, don duk unguwar ta san mai hoto zai zo. Wani mai gyaran keke ya raka mu har kwanar, ya nuna da hannu yana murmushi, ya ce, "Ga shi can, mai sheƙin nan."

Na tsaya. Zauren yana nan da tsayinsa da zankwayensa, amma fuskarsa sumul take, an shafe ta da siminti daga sama har ƙasa, an bi da shuɗin fenti. Warin fentin ma bai gama fita ba. Babu zane, babu alamar an taɓa yin zane.

Magajin gidan, wani Alhaji mai fara'a, jikan falken nan, ya fito da babbar riga ya rungume ni kamar ɗansa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi, aka tambayi jikin Baba, aka yi wa kakana addu'a. Ni dai ina amsawa ne, idona na kan bangon. Da ya lura, sai ya gyara zama cikin jin daɗi ya ce, "Ɗana, ka ga aikin ko? Saƙon mahaifinka na zuwa na ce wallahi ba za a ɗauki gidan nan a kai birni yana zubar da ƙasa ba. Zanen duk ya tsattsage, tsaka na shiga. Na ce a rufa wa magini asiri, a rufa mana." Har ɗan maraƙi ya sayar don aikin.

Haushi ya cika ni har wuya, kuma ba ni da wanda zan ji haushinsa. Baba ya aika saƙo don girmama su, su kuma sun shafe bangon don girmama Baba. Na ce, "Alhaji, an gode, Allah ya saka da alheri." Na tashi na ɗauke shi hoto a gaban shuɗin bangonsa, ya dafa sanda ya ƙame, 'ya'ya da jikoki suka jeru. Ina leƙa kyamara ina tunanin abin da zan gaya wa tsoho mai jira a Kano.

Ƙanwata tun isowarmu ta shige cikin gida wurin mata. Can sai ga ta ta leƙo daga ƙofar ciki tana yafuto ni. Ta ce a hankali, "Yaya, akwai wani zanen a ciki. Ɗakin Hajiya tsohuwa, mahaifiyar Alhaji. Bango guda cur, daga gado har rufi. Ta ce magini ɗaya ne ya yi su, kuma ta hana a taɓa mata ɗaki." Na ji kamar in tsallake ta in shiga. Amma gidan ba a shiga, kuma ɗakin tsohuwa ne a can ƙurya, a tsakiyar matan aure. Alhaji da ya ji, ya shafa gemu, na ga nauyin abin a fuskarsa. Mutumin da ya sayar da maraƙi saboda mu, ban ga dalilin da zan sa shi ya zaɓa tsakanin baƙonsa da al'adar gidansa ba. Na cire kyamara daga wuyana na rataya wa ƙanwata.

Jama'a, wannan baiwar Allah ba ta taɓa ɗaukar ko hoton kaza ba. Na saka sabon fim, na daidaita komai yadda nake zaton duhun ɗaki zai so, na nuna mata inda za ta leƙa da inda za ta danna. Na ce ta jingina da bango, ta riƙe numfashi, kada ta taɓa wani abu ban da wannan maɓallin. Ta ce, "Yaya, ka cika surutu," ta shige. Na zauna a zaure ina shan fura ba na jin ɗanɗanonta. Ina jiyo dariyar mata daga ciki, da ƙarar kwanoni, har na fara zargin hotunan junansu suke ɗauka. Da ta fito ta ce ɗakin ya yi duhu ƙwarai, sai Hajiya ta sa jikokinta mata suka tsaya a tsakar gida da manyan farantai na silba, suna haska rana ta ƙofa zuwa bangon. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba, don ban taɓa jin an yi haka ba, kuma fim ba ya nuna maka abin da ya kama sai an wanke.

A Katagum muka kwana, Alhaji ya ƙi jin maganar tafiya. Da safe na zaga bakin kogi da tsofaffin unguwanni ba fim a kyamara, kallo kawai, kuma na ga abubuwa da yawa da na saba wucewa in ina neman inda zan tsaya in ɗauka. Muka dawo Azare da guzurin busasshen kifi da wake. Masu wuta ba su ga dama ba, sai da mai shagon ya tayar da janareta. Da ya miƙo ambulan ɗin, na buɗe nan take. Yawancin na cikin ɗakin sun yi baƙi, wasu sun yi fari fat inda faranti ya haska gilashin kyamara, ɗaya kuma ƙafar gado ce kawai. Amma guda biyu sun fito. A karkace suke, gefen kwanukan jeren Hajiya ya shigo ciki, sai dai zanen ya fito raɗau: da'irori cikin da'irori, da igiyoyi masu sarƙewa, har sawun yatsu ana gani a jikin ƙasar. Mai shagon ya ce wanda ya ɗauki wannan ya iya aiki. Ƙanwata ba ta bar ni na huta da wannan maganar ba har Wudil.

Bayan la'asar muka shiga gida. Na fara ba Baba labarin simintin, don kada hoton ya ba shi tsoro. Ya ce Alhaji ya yi abin da ɗan mutunci zai yi. Na miƙa masa na ɗakin. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kawo hoton dab da fuskarsa yana bin zanen da yatsa. A can ƙasa, kusa da gadon, yatsan ya tsaya a kan wata da'ira da ba ta yi daidai da sauran ba, ta ɗan baje gefe guda. Ni na ɗauka karkatar kyamara ce.

Ya ce, "Wannan ni na yi ta. Ina yaro, ina miƙa masa ƙasa, ya fita alwala na sa hannu. Da ya dawo ya yi mini faɗan da ban taɓa mantawa ba, ya kore ni gida, ya ce zai shafe ya sake." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. "Ashe bai shafe ba."

Na sha yin tafiya don hoto, kuma kullum ina komawa da abin da na je nema ko in koma hannu wofi. Wannan karon abin da na je nema ya riga ya tafi, hoton da ya yi amfani kuma ba ni na ɗauka ba. Na koyi cewa in zan je ganin tsohon gini, in aika da sallama kamar yadda Baba ya ce, amma in ƙara da roƙon a bar shi yadda yake, da tsagarsa da tsakarsa. Na kuma koyi tafiya da mace, don rabin ginin ƙasar nan yana inda namiji baƙo ba ya shiga. Hoton Alhaji da shuɗin bangonsa na ba mai wake ya kai masa. Na ɗakin kuwa Baba ya hana a saka shi a firam, wai gilashi zai hana shi taɓawa.