Ƙoƙunan da Biyyathu Ta Jefa

Duk wanda ya taso a gefen gonakin roba na garin Nilambur ya san abu ɗaya tun bai iya ɗaura zane ba: in ka daina tsagar itace, ka kife ƙoƙo. Ƙoƙon kwakwar nan da ake ɗaura wa kowane itace don ya tari madarar roba, in aka bar bakinsa yana kallon sama da damina, an buɗe wa sauro gidan haihuwa ke nan. Ba sauron dare mai kuka a kunne ba, ɗan ƙaramin nan mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana tsaka, mai kawo zazzaɓin dengi. Moidu Haji ne kaɗai ya je Dubai ya dawo ya manta da wannan, ko kuma ya ga ya fi ƙarfin tunawa.

Biyyathu maƙwabciyarsa ce. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, ta ba hamsin baya, tana da muryar da in ta kira akuyarta har ta gidan wani sai ta amsa. Unguwa duka Itha muke ce mata, yadda ake kiran babbar yaya, ba wai don tana da sanyin hali ba. Mijinta Ayamu ne mai sanyin. Mai tsagar roba ne tun yana saurayi, kuma ko a hanyar masallaci ya ga gwangwani da ruwa a ciki sai ya sa ƙafa ya kife shi. Biyyathu takan ce masa wata rana tukunyar miyarta zai kife.

Tsakanin bayan gidansu da gonar robar Haji babu komai sai waya mai ƙaya. Shekarar da roba ta yi arha, Haji ya sallami masu tsaga, ya danna kwaɗo a ƙofar gona, ya bar ƙoƙunan yadda suke. Ayamu ya je ya same shi a barandarsa, ya ce ba aiki yake nema ba, ba kuma ya son a biya shi, a ba shi mabuɗi kawai ya shiga ya kife su kafin ruwa ya kankama. Haji bai ko nuna masa wurin zama ba. Ya ce ya san irin wannan kifewar, yau a kife ƙoƙo, gobe a nemi masoro da kwakwa a rasa. Ayamu ya dawo gida da wannan magana a cikinsa, sai da matarsa ta matsa masa lamba sannan ya faɗa. Kafin damina ta raba zazzaɓi ya kayar da shi, ƙasusuwansa suna ciwo, dasashinsa yana zubar da jini. Aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba.

Ranar gaisuwa Haji ya zo cikin farin zane yana ƙamshin turare, ya ce kwana ne ya ƙare. Biyyathu tana bayan labule tana ji. Ita ma ta yi makarantar addini, ta san kwana na ƙarewa, amma ta san a aljihun wa mabuɗi yake. Daga baya ya sa aka sare itatuwan gonar duka ya sayar wa masu katako, mutane har suna yaba masa wai ya tsabtace unguwa. Ta yi takabarta ta fita. Ta tsane shi tsana irin wadda ake kwana da ita a tashi da ita, har mutum ya saba da nauyinta.

Abu ɗaya ya rage mata mai daɗi a duniya. 'Yarta tilo, Subaida, da ke aure a garin Manjeri, ta sami cikin fari. A wajenmu uwa ce ke zuwa a wata na bakwai ta ɗauko 'yarta, ta haihu a gidan da aka haife ta, uwar ta yi mata wanka da ruwan ganye, ta shafe ta da mai, ta ciyar da ita har ta murmure. Macen da aka hana ta wannan, ba a cewa komai a gabanta, amma ana faɗa a bakin rijiya. Biyyathu ta shafe ɗakin da farar ƙasa tun cikin bai fito ba.

Gadon lilo na jariri da babbar tukunyar tagulla ta wankan jego suna ɗakin sama, wancan mai duhu da ke tsakanin silin katako da rufi. Ayamu, lokacin yana raye, da gora mai gaɓoɓi yake hawa kamar biri, ita kuwa ba ta taɓa leƙawa ba. Sai ta kira Kumaran kafinta ya kafa mata tsani na gaske. Ya zo ya auna ramin silin, ya dubi gwiwoyinta, ya kaɗa kai.

"Itha, da waɗannan za ki hau? In kin faɗo kada a ce Kumaran ne."

"Kai dai buga ƙusarka. Gwiwata ta girmi gashin bakinka."

Tsanin farko ya miƙe tsaye kyam, ta ce ya cire, ba aljanna ta ce za ta ba. Ya sake shi da ɗan kwanciya, ya faɗaɗa matakala, ya ɗaure kansa a jikin babbar azara, ya rataya mata igiya ta kamawa. Ya sha baƙin shayi da soyayyar ayaba, ya tafi yana mitar cewa ko surukarsa ba ta wahalar da shi haka.

Da ta hau, ta tarar da gadon da tukunyar. Ta kuma tarar da buhunan ƙoƙunan Ayamu, waɗanda ya goge ya ajiye don wata gonar, kowanne a kife cikin ɗan'uwansa. Ta zauna a kan katako ta yi kukan da ba ta yi ranar gaisuwa ba. Da ta share ido sai ta lura da 'yar taga a bangon gefe. Gidanta a kan tudu yake, na Haji a gangare, don haka tagar tana kallon benensa daga sama, ta ƙetare katanga. A saman tagogin ɗakin kwanansa da ke hawan ƙasa akwai rumfar kankare mai faɗi, da ɗan tudu a bakinta, wadda ba a ganin cikinta daga ƙasa. Daga saman benen ma ba a gani, domin Haji bai yi wa hawan saman taga ta wannan gefe ba, wai kada ya riƙa tashi da kallon rufin talakawa.

Ta daɗe tana kallon rumfar nan da ƙoƙo a hannunta.

Na farkon da ta jefa ya faɗi a kife, kamar Ayamu ne ya sa masa hannu. Wannan ya ba ta haushi ƙwarai. Sai ta koyi dabara: ta manna curin laka a gindin kowanne don ya sauka a zaune. Ta kuma zaɓi lokacinta, bayan azahar, sa'ad da ruwa ke dukan rufi har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, Haji kuma ya cika ciki da shinkafa da kifi ya kwanta. Ta yi ta jifa har rumfar ta cika. Da aka sami kwanakin da ruwa ya ɗan ɗauke, ta leƙa ta ga ruwan cikinsu ya yi duhu, ta ji wani daɗi mai sanyi yana bin ƙirjinta. Ba ta ɓoye wa kanta abin da take so ba. So take ƙasusuwan Moidu Haji su yi masa abin da na Ayamu suka yi.

Lissafinta shi ne aikin zai gama kafin watan ɗauko Subaida, sannan ta kwashe kayanta ba wanda ya sani. Yadda za ta kwashe su ne ba ta tsaya ta tambayi kanta ba. Haji kuwa sai ƙiba yake yi, yana wucewa ta ƙofarta da lema yana gyaran murya. Sauron bai san katanga ba. Ya cika mata bayan gida, ya biyo ta madafa, ta koma sa riga mai dogon hannu tana turara ɓawon kwakwa har idanunta suka yi ja. Da ta ga watan ɗauko Subaida ya matso, ta hau da sandar tsinkar mangwaro ta zura ta taga. Ko rabin hanya sandar ba ta kai ba. Abin da ta jefa ba ya ɗaukuwa sai ta cikin gidan Haji, da tsani daga ƙasa.

Ana haka surukar Subaida ta zo ganin ɗaki. Mace ce mai ladabi irin na masu yanka mutum a hankali. Ta yaba farar ƙasa, ta yaba gadon lilo, ta zauna a baranda ta karɓi shayi. Ba ta kai rabin kofi ba ta ɗaka wa hannunta duka, ta ɗago ta nuna wa Biyyathu abin da ta kashe, da zanen farinsa a ƙafa.

"Itha, ba wannan ne ya ɗauki maigida ba?"

Biyyathu ta ce damina ce, ko'ina akwai shi. Matar ta ce gidansu babu. Ta ce ba ta zo raba uwa da 'ya ba, ita ma a gidan uwarta ta haifi nata. A nemo inda yake haihuwa a zubar, matan lafiya su duba su ce an gama, sai a zo a ɗauki Subaida da hannu biyu. In ba haka ba, ba za ta aiko mai ciki nan ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Washegari da hantsi Biyyathu ta yafa mayafi ta nufi ƙofar Haji. Ta shirya maganarta tun daga gida: za ta ce ta hango wani abu a kan rumfarsu, su sa a hau a duba. In sun gane nata ne, su gane. Kunya ba ta kai ɗiya ba. Ta ƙwanƙwasa, Nabeesu matar Haji ta buɗe da idanu a kumbure. Ita wannan baiwar Allah ba ta taɓa yi mata komai ba, har abinci takan miƙo ta kan katanga lokacin takaba.

"Itha, kin ji ke nan? An tafi da Haji asibiti da safen nan. Zazzaɓin ne. Ki sa shi a addu'a."

Biyyathu ta ji maganar da ta zo da ita ta koma ciki. Ta tambayi Nabeesu ko ƙasusuwansa na ciwo, ta ce kamar ana sara. Ta tambaya ko bayan idonsa na zafi, ko yana iya haɗiye ruwa, ko ya yi ihu da aka ɗaga shi. Nabeesu tana amsawa tana kuka, tana gode mata da kulawa. Biyyathu ta saurari kowace amsa har ƙarshenta, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta juya gida. Ranar ta ci abinci har ta ƙara.

Matan lafiya suka zo da fararen hulunansu suka bincike gidajen biyu. Suka duba tukwanen furanni, tsofaffin tayoyi, bayan firji, har kwanon ruwan kaji. Ba wadda ta ɗaga kai. Biyyathu tana biye da su, kalma ɗaya ce tsakaninta da haihuwar 'yarta a ɗakin da ta shafe, kuma ta san haka. Har ta buɗe baki, sai babbar cikinsu ta ce wa Nabeesu in Haji ya dawo a kula da shi sosai, domin kamu na biyu ne ya fi kisa. Biyyathu ta rufe bakinta, ta tambaye su ko za su sha shayi. Suka tafi a kan cewa ba a gano wurin ba, labari kuma ya riga su isa Manjeri.

Haji ya dawo a rame, zane na zame masa daga ƙugu, ya yi ta zama a baranda da man shafawa a gefensa. Bai sake kamuwa ba. Damina ta ɗauke, ƙoƙunan suka bushe a inda suke.

Subaida ta haifi namiji a asibiti, aka wuce da ita gidan mijinta. Biyyathu ta shiga mota ta je da kwalbar man da ta dafa da hannunta. Aka tarbe ta da kyau, aka ba ta kujerar baƙi, aka kawo mata shayi a kofin da ake fito da shi don baƙi. Wata mata da ba ta sani ba ce ke yi wa 'yarta wankan jego. Man da ta kawo aka karɓa da godiya aka ɗora a kan kabad. Sai can da ɗaki ya rage mutane aka miƙo mata jaririn, ta rungume shi, ta ga goshin Ayamu sak, zuciyarta ta karye.

Subaida tana kwance tana kallonta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada na waje su ji.

"Umma, ranar da na kira ki a waya ana ruwa, kin ce kina ɗakin sama. Washegari ma haka. Gado da tukunya sau ɗaya ake sauko da su. Buhunan ƙoƙunan Uppa, mahaifina, ne kaɗai suka rage a can, kuma na san abin da tagar nan take kallo."

Biyyathu ta tsura wa jaririn ido.

"Ki ce mini ba haka ba ne, Umma. Ko ƙarya ce zan karɓa."

Matar da unguwa guda ke jin muryarta ta shiga gyara wa jaririn zanen da aka naɗe shi. Subaida ta jira, ta sake jira. Sannan ta yunƙura da ƙyar ta tashi zaune, ta miƙa hannu biyu ta karɓe ɗanta.