Lemun Gróf a Kicin ɗin Gáspár

Gáspár Ambrus tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne a fadar wani basarake, Gróf Sárfalvi: bishiyoyin lemun tsami arba'in cikin manyan tukwanen katako. Ya fito da su farfajiya in gari ya yi ɗumi, ya mayar da su ɗakin gilashi kafin hunturu, ya yi ta hura musu wuta. Lemu ba ɗan ƙasar ba ne, ƙanƙarar safiya ɗaya ta ishe shi.

Ranar da Gróf zai gudu da iyalinsa a ƙarshen yaƙi, ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Gáspár, kar ka bari su sha sanyi. Za mu dawo."

Ina! Gwamnati ta ƙwace fadar, aka jibge taki a ɗakin gilashi, aka faskare tukwanen aka yi makamashi. Bishiya ɗaya Gáspár ya samu ya tura gida a baro. Shekara arba'in da bakwai yana shigar da ita kicin duk hunturu, ta tokare rufi, ta toshe taga ruf.

"Ga Gróf ɗinka ya dawo shan ɗumi," in ji matarsa Rozália. "Ni da na haifa maka huɗu, ko hasken da zan zura zare a allura ka hana ni."

"Haƙuri za ki yi, amana ce."

Rozália ta rasu, 'ya'ya suka watse birni. Kwatsam sai ga jikar Gróf, Borbála, ta zo daga ƙasar waje ganin kangon kakanninta. Gáspár ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya kai ta gaban bishiyar.

"Ranki ya daɗe, ga amanarku. Ko sau ɗaya ba ta sha sanyi ba."

Ta murza ganye ta shinshina. "Ashe muna da lemu a da? Kakana bai taɓa faɗa ba. Riƙe abinka, Baba, ni ina zan kai ta?" Ta dafa kafaɗarsa, ta shiga mota.

Maganar ta yi masa ciwo, ga shi ba wanda zai faɗa wa.

Da hunturu ya ƙarato, maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga. "Baba Gáspár, gobe ƙanƙara. In zo mu shigar da bishiyar?"

"Bar ta."

Washegari ganyen ya yi baƙi ƙirin. Gáspár ya zauna a kicin shi kaɗai, haske ya shigo ta taga ya sauka kan kujerar Rozália.