Sixten Burvall, Golan da Ya Tsare Mana Fili

Tun gari bai waye ba, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka tarar da motar Sixten Burvall a bakin filin wasa. Shi ke riga kowa zuwa. Ya dafa kofi, ya zauna a lungun ɗakin canja kaya, ya ɗaure sulken ƙafa da na ƙirji a natse. Kafin sauran su iso da hayaniyarsu, ya riga ya yi gumi a kan ƙanƙara. Haka yake yi fiye da shekara ashirin a ƙungiyar garinmu ta hoki, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara.

Duk da haka, da yawa cikinmu za su wuce shi a kanti ba su gane shi ba. Gola fuskarsa a bayan kariyar ƙarfe take, kuma Sixten ya kwashe yawancin shekarunsa a matsayin gola na biyu. Wurinsa ƙarshen benci, yana buɗe wa masu shiga da fita ƙofa. Duk golan da aka ɗauko daga kudu don ya sha gabansa, shi ke tarbarsa, ya koya masa abin da ya sani bai rage komai ba. Su yi suna, su wuce manyan ƙungiyoyi, shi yana nan.

'Yan wasa sukan tsokane shi. “Tsoho, kai da bencin nan wa ya girmi wani?”

“Ni mana,” in ji shi. “Shi ai an taɓa canja shi.”

Wasan nan ya raba shi da gida. Matarsa Majvor ta gaji da jiran motar ƙungiya, ta ɗauki 'yarsu ta koma kudu. Ba wanda ya taɓa jin ya aibanta ta. Ya ci gaba da zama a gidansa na katako a bakin daji, in ya dafa kifi ya ci rabi, ya ajiye rabi na gobe.

Bara muka zo wasan ƙarshe muna bakin faɗuwa daga rukuninmu. In aka ci mu, kamfanin haƙar ƙarfe da ke riƙe da ƙungiyar zai janye, a rufe filin. Ana cikin wasa ƙafar golanmu na farko ta gurɗe. Koci Göte ya waiwayo ya dubi Sixten, mutumin da likita ya riga ya gaya wa ƙugunsa ya ƙare.

“Sixten, za ka iya?”

“Durƙusawa zan iya. Tashin ne sai ku yi haƙuri da ni.”

Ya shiga. Mun gani da idonmu yadda faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya same shi a wuya, ya kife, ya kama ƙarfen raga ya miƙe. Abokan hamayya suka yi ta ruwan hari, ba abin da ya wuce shi. A ƙarin lokaci ɗan wasanmu ya ci a can ɗaya gefen, kowa ya ruga ya rufe shi, washegari jarida ta buga hotonsa. Wanda ya duba hoton da kyau zai hango wani can baya, shi kaɗai, ya dogara da sandarsa don ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Kai ne wannan, Sixten. Kai ne bangon da muka jingina da shi ba mu waiwaya ba. Filin da 'ya'yanmu ke wasa a yau, da ƙugunka ka tsare shi, ba ka kuma taɓa tuna mana ba.

Makon jiya ya ajiye sanda, ya bar wasa. Göte ya tambaye shi me zai riƙa yi ranar Asabar, ranar wasa. Ya ce, “Zan hau sama wurin 'yan kallo. Ban taɓa ganin wasa daga can ba.”

Mun gode, Sixten. Matasan da ke ƙorafi don an zaunar da su a benci, su je su koyi jira a wurinka. Mu kuwa, ranar Asabar za mu ga wani dogon mutum mai ɗingishi yana hawa matakala a hankali, yana neman kujera. Kada mu bari ta kusa da shi ta zauna ba kowa.