Yarinyar da Ta Ɗauko Muryar Gwaggo

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Gwaggo ya san sai ya kasa kunne da kyau. Da tsagaggen leɓe aka haife ta, tsagar ta shige har ganɗa, wato rufin baki. Sai da ta zama budurwa aka samu mai ɗinke leɓen, ɗinkin da ita kanta ta ce da a jikin riga ta gan shi, da ta farke ta sake. Ganɗar kuwa ba a taɓa ta ba, don haka maganarta ta hanci take fita, rabin kalma ya maƙale a hanya. Aure ya leƙo sau ɗaya bai zauna ba. Ta rungumi kekenta, ta zama tela mai kyan hannu da saurin fushi, irin wadda ake zagi a bayan ido ana kuma kawo mata yadi.

Ranar da matar ƙanenta ta haifi 'ya mai irin bakinta, gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Jaririya ta kasa kama nono, abin da ta sha yana dawowa ta hanci, uwa sai kuka. Gwaggo ta rufe shago ta zo, ta tallafe yarinyar a zaune, tana ɗiga mata nono da ƙaramin cokali. Ita ta sa mata Maɓalli, saboda ɗan hancinta. Kuma a faɗi gaskiya, Gwaggo ta ji daɗi. Ta samu irinta a cikin dangi masu lafiyayyen baki.

Amma zamani ya sauya. An ɗinke leɓen Maɓalli tun tana goye, aka rufe ganɗar kafin ta fara magana. Da wurin ya warke, Gwaggo ta sa tabarau, ta kai yarinyar bakin taga, ta duba aikin yadda take duba ɗinkin telan da ke tsallaken titi, tana neman inda ya karkace. Ba ta samu ba. Ɗan siririn layi ne kawai.

"Likitan nan yana da hannu," in ji ta.

Ta koma shago ta wuni tana karya allura. Kishi ne, ba shi da wani suna, kishin jaririyar da ko zama ba ta iya ba. Ita wa ya tsaya ya yi mata irin wannan?

Uwar Maɓalli tana aikin ofis, don haka a shago yarinyar ta yi wayo, ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye. Gwaggo, wadda ba ta yi wa kowa dogon zance, ta koma rediyo: hira, waƙa, har gulmar masu kawo ɗinki. Da Maɓalli ta buɗe baki kuwa, sai ga muryar Gwaggo sak, ta hanci, da kalmomi masu maƙalewa. Hankalin iyaye ya tashi. Gwaggo tana cewa "Allah ya kyauta" a fili, a ciki tana jin sanyi. Ashe duk gwanintar likita bai raba su ba.

Aka mayar da yarinya asibiti. Da suka dawo, ƙanen ya zauna a bencin masu jiran ɗinki yana murza makullin babur.

"Yaya, an duba ta. Malamar da ke koya wa yara magana ta ce ganɗar lafiya ƙalau take. Wai kwaikwayo ne. Ta tambayi wurin wa take wuni."

"Ka ce mata ni ce."

"Na faɗa. Ta ce a sa ta cikin yara, ta riƙa jin wasu bakunan, harshenta ya miƙe kafin ta shiga makaranta. Ba raba ku za a yi ba, Yaya."

Da ta ce a'a, da shi ke nan, don ita ta goya shi, bai taɓa tsallake maganarta ba. Kuma ta so ta ce. Ni da na rayu haka, mutuwa na yi? Don me ita komai sai ya zo mata a miƙe? Sai ta tuna ajinsu na firamare, yadda yara ke toshe hanci su kwaikwaye ta duk lokacin da malam ya ce ta karanta.

"Ɗauke ta," ta ce. "Kada ka kawo ta sai na aiko."

"Haba Yaya, ba haka aka ce ba."

"Ni haka na ce."

Gwaggo ba ta yin abu rabi-rabi, ko a ɗinki ko a zuciya. Ta daina zuwa gidan. Riguna dai ta yi ta aikawa, tana ƙara tsawo da ka. In aka ba ta labarin yadda Maɓalli ke manne wa malamar magana, sai ta ce, "Ai sai malamar ta ɗinka mata kaya."

Sai da lokacin makaranta ya zo ta aika a kawo yarinyar awon kayan makaranta. Maɓalli ta shigo tana zuba surutu, kowace kalma tar, babu wadda ta bi ta hanci. Gwaggo ta durƙusa da tef a wuya tana saurare. Daɗi ya kama ta, kishi ya kama ta, ta rasa wanne ya fi ciwo.

"Ɗaga hannunki, 'yata," ta ce a hankali.

Yarinyar ta zuba mata ido, sannan ta waiga wajen uwarta.

"Mama, me Gwaggo ta ce?"

"Ta ce ki ɗaga hannu."

Maɓalli ta ɗaga. Gwaggo ta cika bakinta da fil, ta ci gaba da awo.