Farin Zaren Zanen Oga

Shekarata ta biyu ke nan ina tuƙa wani injiniya ɗan Sukotland a Doha, kuma shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin bizata. Mutum ne mai zafin rai. Direban da na gada madubin mota kawai ya fasa, aka sa shi a jirgi.

Ranar da muke kwashe kaya zuwa sabon gida a Mesaimeer, ya miƙo mini zannuwansa biyu, irin wanda mazan ƙasarsu ke ɗaurawa a ƙugu, suna ce masa kilt. Ɗayan na san shi: baƙi, na zamani, yadi marar nauyi mai aljihu biyu, wanda yake ɗaurawa in zai gasa nama ranar Juma'a ina kau da kai. Ɗayan ban taɓa ganinsa ba. Ulu ne mai nauyin bargo, kore da shuɗi, ba aljihu, bayansa duk tattara ce ɗinkin hannu.

"Wannan a kujerar gaba," ya ce. "Kada ka ninke."

Ina tsaye a danja na hango wani farin zare ya ratsa tattarar, bakinsa yana reto. Mu haka muka taso, ka ga zare a rigar mutum ka cire masa. Na ja, ya biyo. Na ƙara ja, sai ga shi gaba ɗaya a hannuna, tattarar ta buɗe. Na wurgar da zaren ta taga kamar wanda ya taɓa garwashi.

Na karkata unguwar Muntazah wurin wani tela, na nuna masa zanen. Ya yi mini dariya. "Zaren riƙo ne, ai sai an cire ake ɗaurawa. Khalas, shi ke nan, tafi."

Daga nan na wuce sabon gidan. Na faɗa wa oga komai, ina jiran tsawa. Bai yi ba. Ya daɗe yana shafa tattarar.

"Na mahaifina ne," ya ce. "Mahaifiyata ta sa zaren bayan an binne shi. Ita ma ta rasu. Ina zaren?"

Na faɗa masa.

Bai kore ni ba. Cewa ya yi in mai da shi danjar. Na faka, ya fita cikin ranar azahar, ya durƙusa a bakin titi yana dubawa, motoci na yi masa hon. Na fito na durƙusa kusa da shi.